Littafin da Ya Ƙirga Ramukan Kwal na Ruhr, da Abin da Ya Kasa Ƙirgawa

Mai karatu, idan aka ambaci kwal a Jamus, hoton da ake nuna maka kullum ɗaya ne: ranar 21 ga Disamba 2018 a garin Bottrop, masu haƙa sun fito daga mahakar Prosper-Haniel sun miƙa wa shugaban ƙasa Frank-Walter Steinmeier dunƙulen kwal na ƙarshe. Ko kuma a nuna maka Zollverein ta birnin Essen, wadda aka rufe a 1986, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2001. Amma shekaru 42 kafin bikin Bottrop, a 1976, an rufe wata 'yar mahaka mai suna Egbert a Witten. Ita ce ta ƙarshe cikin ƙananan mahakun yankin Ruhr, kuma shekara 14 kacal ta yi tana aiki.

Na fara cin karo da sunanta ne a littafin Joachim Huske kan mahakun kwal mai tauri na Ruhr, wanda gidan tarihin haƙar ma'adinai na Bochum ya buga karo na 3 a 2006. A kansa nake so mu tattauna yau.

Littafin rajista ce. An jera mahaku bi da bi kan tsarin abacada, kowace da shekarunta: yaushe aka ba da izini, yaushe aka haƙa rami, tan nawa aka fitar, ma'aikata nawa, yaushe aka haɗe ta da wata ko aka rufe. Gaskiya a nan Huske ya yi aikin da ya cancanci jinjina. Katafariyar mahaka da 'yar ƙarama duk ya ba su gurbi. In ka karanta su da taswira a gefe, za ka ga ilimin duwatsu yana magana da kansa. Kwal ɗin ya samu ne daga dazuzzukan fadama sama da shekara miliyan 300 da suka wuce. A kudu, bakin kogin Ruhr, shimfiɗun kwal suna leƙowa har doron ƙasa, amma kana yin arewa suna ƙara nutsewa. Shi ya sa ƙananan mahaku suka taru a kudu, inda mutum da diga da bokiti zai iya kai wa ga kwal, su kuwa na arewa sai an gangara fiye da mita 1,000. Zeche Nachtigall da ke Witten misali ce: an ambace ta a takardu tun 1714, aka rufe ta a 1892 bayan ruwa ya addabe ta, daga baya wurin ya koma masana'antar bulo.

To, ina matsalar? Biyu ce.

Ta farko, rajista ba ta san mutum ba. Za ka ga an rubuta ma'aikata kaza, tan kaza, shi ke nan. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, an shiga tsananin ƙarancin makamashi, sai mutane suka koma tsoffin wuraren da kakanninsu suka bari suna tono ragowar kwal. Har laƙabi aka yi wa irin waɗannan ramuka, ma'anarsa mahakar bokiti-bokiti. Wane ne ya shiga ramin? Me ya ingiza shi? Wa ya saye kwal ɗin? Littafin ya yi shiru. Kana iya cewa ai ba aikinsa ba ne, kuma na yarda da kai rabi. Sai dai abin da ake rubutawa kan waɗannan mahaku a intanet yau yawanci daga gare shi ake kwasowa, don haka shirunsa ya zama shirun kowa.

Ta biyu ita ta fi damuna a matsayina na mai bincike. Rajista takarda take bi. Ramin da aka haƙa da dare ba izini, ko wanda taswirarsa ta ɓace, ba shi da layi a ciki. Kuma irin waɗannan ramukan da ke kusa da sama su suka fi haɗari. Katakon da ya tokare rufin yana ruɓewa, ruwa na cin dutse, kogon yana hawowa sannu a hankali har ranar da ƙasa ta burma. A Janairun 2000, a unguwar Höntrop ta Bochum, wani tsohon rami ya rufta ya haɗiye garejin motoci a tsakiyar gidajen mutane. A Nuwamban 2013 aka gano tsoffin koguna kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Essen, jirage suka yi makonni suna tafiyar hawainiya ana ɗura kankare. Wanda ya san kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos ya san cewa rufe mahaka a takarda abu ne mai sauƙi, ramin kuwa yana nan. Jamusawa da kansu sun amince da haka: gidauniyar RAG, da aka kafa a 2007, ita ke biyan kuɗin zuƙe ruwan tsoffin mahaku, aikin da suke kira na har abada.

Shin a karanta littafin? Ƙwarai kuwa, in kana jin Jamusanci ko kana da haƙurin fassara. Ka ɗauke shi a matsayin ƙofar shiga, ka riƙa tambayar kanka abin da ke tsakanin shekara da shekara. In kuma Allah ya kai ka Witten, ka leƙa gidan tarihin Nachtigall, inda aka sake gina 'yar mahaka irin ta bayan yaƙi, sannan ka ƙarasa wurin Egbert, wadda aka adana har yau. A can za ka gane girman abin da layi biyu na rajista ke nufi.