Farin Zane: Nicholson, Babban Gwani da Silin Badariya

A shekarar 1935 wani Bature ɗan Ingila, Ben Nicholson, ya sami katakon tebur, ya fafe da'ira da murabba'i a jikinsa, nan kwari, can tudu, sa'an nan ya shafe shi fari fat. Ba mutum, ba tsuntsu. Aikin yana gidan Tate a Landan. Mai ba'a zai ce, ina hoton? Hoton shi ne inuwa: in haske ya juya, sai zanen ya sake fuska.

Wannan ba baƙo ba ne gare mu. Kimanin shekara ɗari kafin nan, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi irinsa da laka a masallacin Juma'a na Zariya. Nasa ma ya ɗara, domin ginshiƙan da ya zana su ke ɗauke da rufi. Na Nicholson kuwa ratayewa ake yi.

To, shiga sababbin gidajen Badariya ka ɗaga kai. Ga silin POP fari, da'ira cikin murabba'i, amma an zagaye shi da fitilu masu launi har inuwar ta mutu. Magini ya daina lura da inda rana ke shigowa. In mu ɗalibai ba mu tuna masa ba, wa zai tuna masa?