Bakin Jagora a Jabalun Nur: Fasahar da Ba a Lissafa Ta Cikin Adabi

A wani zaman hira a Abhur, can arewacin Jidda inda masu hali ke kama gidajen shaƙatawa a bakin teku, wani matashi cikin 'ya'yanmu da suka tashi a Saudiyya ya yanke wa hawan dutse irin na alhazanmu hukunci. Ya je Peru. An ɗauke shi daga birnin Kusko tun kafin asuba, an hau da shi Binikunka, dutsen nan mai zane-zanen launi da ya haura mita 5,000, kuma a hanya wani dattijo ɗan ƙabilar Kecuwa ya yi musu bikin gargajiya. A cewarsa can ne ake hawan dutse da tsari da ma'ana, mu kuwa abin da muke yi a Jabalun Nur turmutsutsu ne da haki da ɗaukar hoto. Na daɗe ina jin irin wannan magana, kuma masu yin ta duk abu guda suka haɗa: ba su taɓa hawa bayan jagoran da ya san aikinsa ba.

Mu fara da abin da ya burge shi. Mutanen tsaunukan Andis sun ɗauki manyan duwatsunsu a matsayin masu rai da iko, suna ce musu Apu, babbansu a yankin Kusko shi ne Ausangate mai mita 6,384. Ƙasa kuma Pachamama ce, uwa mai ciyarwa. Mai bikin yakan haɗa ganyen koka uku-uku, ya hura musu iska yana kiran sunayen duwatsu, sannan ya jera su a kan takarda tare da hatsi da alewa da furanni da kitsen dabbar lama, ya ƙunshe, a ƙone ko a binne. Abu ne mai tsari, ban musa ba. Amma wanda ake yi wa baƙin da suka biya kuɗin mota da karin kumallo ya riga ya zama kayan kasuwa, mai son ganin na gaske sai ya nemi taron Koyllur Riti, wanda dubban mutanen ƙasar ke hawa domin kansu, har UNESCO ta sa shi cikin kundinta a 2011. Abin da abokin namu bai lura da shi ba shi ne amfanin bikin ga huhunsa. A mita 5,000 iskar da mutum ke shaƙa kusan rabin ta bakin tekun Abhur ce wajen ƙarfi. Zaman da aka yi ana jera ganye hutu ne aka sa masa riga. Wannan dabarar kuwa jagororinmu sun ƙware a kanta tun kafin a san Binikunka a taswirar masu yawon buɗe ido, domin ita shahararta ba ta wuce 'yan shekarun nan ba.

Sai masu suka na biyu, malamai. Sun ce hawa zuwa Kogon Hira da ke kan Jabalun Nur ba ya cikin ayyukan Hajji ko Umara, ba a ruwaito cewa Annabi (SAW) ya mai da shi wurin ziyara bayan aike ba, kuma shafar duwatsu da ɗaura tsumma da rubuta suna don neman tabarraki ɓata ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma jagoran kirki shi ne na farko da zai faɗa maka. Inda na rabu da wasunsu shi ne tsallen da suke yi daga "ba ibada ba ne" zuwa "ba shi da amfani". Karatun taswirar yaƙin Badar ma ba rukunin Hajji ba ne, ba wanda ya hana. Ya tabbata cewa Annabi ya hau Uhudu tare da Abubakar da Umar da Usman. Hawa dutse don sanin tarihi hukuncinsa daban da hawa don roƙon dutse, wanda ya cakuɗa su ya sauƙaƙa wa kansa aiki ne kawai.

Tarihin sana'ar gajere ne a faɗa. Hausawa sun san jagaba tun zamanin fatauci zuwa Gwanja, shi ke gaban ayari, shi ya san rijiya da zango. Alhazan ƙasa sun bi ta Barno da Chadi da Sudan, su tsallaka daga Suwakin zuwa Jidda, wasu su shekara da shekaru a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, jama'a da dama suka ci gaba gabas, wasu suka tsaya Mai Wurno a Sudan, wasu suka ƙarasa Hijaz suka zauna. Daga zuriyarsu da ɗaliban ilmi da suka biyo baya aka samu masu Hausa a baki, Makka a tafin hannu. Da jirgin sama ya mai da tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, alhaji ya zama baƙo mai 'yan makonni, sai buƙatar mai nuna masa wurare ta ƙaru. Mutawwifi na hukuma da masauki da mota ya dama. Labari kuwa sai waɗannan.

Jabalun Nur bai wuce mita 640 da 'yan kai ba, yana arewa maso gabas da Harami, tafiyar 'yan kilomita. Idan aka kwatanta da Andis tudu ne. Amma tsayuwarsa a miƙe take, matakalarsa ta haura dubu, kuma masu hawansa ba matasa ne masu takalmin wasanni ba, akwai Hajiya daga Funtuwa mai ciwon gwiwa da silifa a ƙafa. Kai irin waɗannan sama a sauko da su lafiya, suna kuma jin sun ƙaru, shi ne aikin. Makamin jagora guda ɗaya ne: labari, da sanin inda za a yanka shi. Yana raba shi ne kamar yadda madugu ke raba guzuri, kowane zango da rabonsa, ba a cinye na gobe yau.

A gindin dutse gwani ba ya taɓa zancen wahayi. Ƙafafu yake kallo. Zai ce a sha ruwa, a ɓoye leda saboda birai masu fizge, sannan ya faɗi magana irin wannan: "Baba Alhaji, wannan ba farilla ba ne, ba sunna ba ne. Wanda ya zauna a nan Hajjinsa cikakke ne." Jimlar nan aiki biyu take yi. Ta sallami malamin da ke cikin ayarin, ta kuma buɗe wa dattijo ƙofar fasawa ba tare da jin kunya ba. Sabon shiga ne ke fara zuba labarin Mala'ika Jibrilu tun a mota, kafin a taka matakala ta ɗari ya ƙare, sauran tafiyar sai "ku daure, an kusa".

Zango na biyu yana zuwa ne daidai lokacin da haki ya fara kashe hira. A nan jagora ba ya cewa a huta, domin namijin Bahaushe a gaban mata ba zai yarda ya gaji ba. Cewa yake a juyo. Ana juyowa sai ga Makka a shimfiɗe, dogon ginin agogo ya nuna inda Ka'aba take. Sai ya ce a share duk fitilun nan a zuci, a bar kwari da gidajen ƙasa da gumaka 360 kewaye da Ɗaki. Ya yi tambayar da ba ya amsawa nan take: me zai sa mutum mai shekara 40, mai mata da 'ya'ya da mutunci a gari, ya baro duk wannan ya hawo nan? Minti biyar sun wuce, bugun zuciya ya sauka, ba wanda aka ce masa rago, kuma kowa ya tashi da tambaya a ciki tana tura shi gaba.

Zangon da na fi so shi ne na uku, inda hanya ta fi miƙewa kuma ake fara jin "ni dai a nan zan jira ku". A nan ake fito da Nana Khadija. Jagora zai dubi wadda ta fi galabaita ya ce, "Hajiya, shekarunki nawa?" Ta faɗa, ko ta yi dariya ta ƙi. Sai ya lissafa mata: bisa mashahurin zance Uwar Muminai tana wajen 55 a lokacin da ake cewa tana hawo wa Annabi da guzuri, babu matakala, babu ƙarfen dafawa, babu mai shayi a hanya. A nan ne kuma ake gane mai ilmi da mai baki kawai. Ruwayar da ta fi ƙarfi ita ce Annabi ne yakan sauko ya ɗauki guzuri wurinta ya koma, masu sharhi kuma sun kawo cewa ita ma takan kai masa. Gwani yana faɗin duka biyun, ya bambanta su, kuma labarin bai rage armashi ba. Na ga mata sun miƙe a wannan gaɓa ba tare da an ce su miƙe ba. Mai sukar da ke cewa wasa da zukata ne sai ya gaya mana wane wa'azi ne ba haka ba.

Kogon ba a ƙololuwa yake ba. Sai an kai sama, a ɗan gangara, a ratsa wata matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu wadda mai jiki sai ya karkace. Shi kansa kogon tsawonsa bai kai mita 4 ba, faɗinsa wajen mita ɗaya da rabi. Dubi inda gwani ke ajiye zuciyar labarin: bayan an fito daga wannan matsi, ƙirji na sama da ƙasa, haƙarƙari ya gogi dutse, sannan yake ba da labarin yadda Mala'ika ya rungume Annabi ya matse shi har ya jigata, sau uku, kafin ayoyi biyar na farkon Suratul Alaƙ, a watan Ramadan na shekarar 610. Duk wanda ya yi makarantar Islamiyya ya haddace wannan tun yana yaro. Amma jin sa da ƙirjin da bai gama komawa daidai ba wani ilmi ne da allo ba ya bayarwa. Jagoran bai ƙara ko kalma ɗaya a kan ruwaya ba, wurin faɗi da lokacin faɗi kawai ya zaɓa. A ganina nan ne fasahar take gaba ɗaya, kuma ta fi wuyar samu a kan zaƙin murya.

Saura kashi ɗaya cikin uku na labarin, kuma mai hankali yana riƙe shi don saukowa. A saukowa ake faɗuwa: gwiwa ta saki, hankali ya koma masauki, ayari ya tarwatse. Sai ya ɗauko yadda Annabi ya sauko jikinsa na rawa, ya nemi a lulluɓe shi, da yadda Khadija ta kwantar masa da hankali tana lissafa kyawawan halayensa, da tafiyarsu wurin Waraƙa ɗan Naufal. Masu sauraro ƙafafunsu na karkarwa, kuma don kada su rasa ƙarshen zance sai su tsaya kusa da shi, su bi takunsa. Labarin ya zama abin da ke riƙe ayari wuri guda.

Dutsen Saur, kudu da Makka, ya fi tsawo ya fi wuya, kuma salonsa daban ne, domin labarinsa na mutane da yawa ne: dare uku a kogo a 622, Asma'u da abinci, Abdullahi ɗan Abubakar da labarin gari, Amir ɗan Fuhaira da tumakinsa suna shafe sawu. Kowane zango da mutum ɗaya. Zancen gizo-gizo da kurciya, wanda malaman hadisi suka yi magana a kan ingancinsa, nan ma ma'auni ne na amanar mai ba da labari. Masu raina sana'ar su tuna cewa ita kanta Hijira da jagoran haya aka yi ta, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, wanda ko musulunta bai yi ba a lokacin, sanin hanya ne ya sa aka ɗauke shi.

Ba na cewa kowa gwani ne. Akwai masu nuna wa mutane wani lotsi a dutse su ƙirƙira masa tarihi, akwai masu hawa da tsofaffi da rana tsaka don su kammala su ɗebo wani ayarin. Bayan Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 kuma fiye da mutum 1,300 suka rasu, duk jagoran da ya taka matakala da jama'a bayan hantsi a lokacin zafi ya cancanci a hana shi aikin. Cibiyar al'adu ta Hira da aka buɗe a gindin Jabalun Nur a 2023 ta kawo tsafta da nune-nune, madalla, sai dai allon bango ba ya ganin Hajiya ta fara layi ya canza zango.

Bambancin da ke tsakaninmu da Andis ba na tsari ba ne. Dattijon Kecuwa da dutse yake magana, yana neman izninsa. Jagoranmu da mutum yake magana, dutse shaida ne kurum. Mu ma mun san irin ta farkon: Tarihin Kano ya kawo Barbushe a kan Dala, da jama'a masu taruwa da baƙaƙen dabbobi don Tsumburbura, kafin zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14. Mun bar roƙon dutse, amma ba mu bar iya magana a kan dutse ba, ta ƙaura ne zuwa Hijaz ta sami sabon labari. Shi ya sa nake cewa bakin jagora reshe ne na adabin baka cikakke, ɗan'uwan tafsirin azumi da tatsuniya, yana da mabuɗi da gaɓoɓi da ƙololuwa da saukarwa, har ya ɗara su da abu guda: mai sauraro da jikinsa yake biyan kuɗin kowace gaɓa.

An rubuta kundaye a kan kirarin mahauta da waƙoƙin niƙa da zantukan 'yan kamasho, kuma sun cancanta. Sassan Hausa na Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo suna da malamai da ɗalibai da ke zuwa Umara kowace shekara da waya mai naɗar murya a aljihu. Su nemi izinin dattawan jagororin nan na Makka, su bi su tun daga gindin dutse har saukowa, su naɗa da hakin da komai, su rubuta a wace matakala aka faɗi wace magana.