Addar ƴan mazan jiya: gyara ko shafe tarihi?

A wasu gidajen ƴan mazan jiya, daga Damagaram zuwa Tawa, akan iske wata adda a ƙasan akwati, cikin kubenta na fata. Ita ce kup-kup, wadda Faransa ta raba wa sojojinta na Afirka, waɗanda ake kira tirayar senegale ko da yake daga ƙasashe da dama aka ɗebo su, har da Nijar. Samfurin da aka fi sani shi ne na 1916. Aikinta na yau da kullum saran daji ne da share sansani, amma farfagandar Jamus ta mai da ita hujjar wai sojan baƙar fata ba ya da imani. Wannan ƙage yana cikin abin da ya share fagen kisan fursunoni baƙaƙe a watan Yuni na 1940, kamar yadda ya faru a Chasselay, kusa da Liyon.

Yau jikoki sukan ɗauki irin wannan gado su kai wa mai injin wasa wuƙa, ya kankare ta har ta yi ƙyalli, a sake mata mariƙi, baduku ya ɗinka sabon kube. Niyyar mai kyau ce, sai dai garin neman gira an rasa ido. Injin yakan cinye hatimin maƙera da ke kusa da mariƙi, ya shafe giɓin da aiki ya bari a kaifi. Abin da ya saura ba ya da bambanci da addar kasuwa.

Masu wannan gyara suna cewa soja bai taɓa barin makaminsa da tsatsa ba. Gaskiya ne, amma tsatsa iri biyu ce. Ja mai gari tana cin ƙarfe, tilas a tsai da ita: a shafa mai maras kauri, a bar shi ya jiƙa, a goge a hankali da soson ƙarfe mai laushi. Baƙin da ya zauna lumui a jikin ƙarfe kuwa ba ya ɓarna, barinsa ya fi. A ajiye addar dabam da kube, domin fata tana riƙe laimar damina.

Ƙyalli kuma yana ƙawata labarin da ba duka ne abin alfahari ba. Da yawa cikin mutanen nan ɗaukar tilas aka yi masu, kuma dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa baki ɗaya ba sai 2011. Saboda haka gyaran da ya fi gaggawa na rubutu ne: sunan mai addar, garinsu, shekarar da aka ɗauke shi, da abin da littafinsa na soja ya ƙunsa. Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu suna iya wannan aiki, tun tsofaffin da suka ji labarin daga bakinsu suna raye.