FARI DA YUNWA: Mun Auna Littafin Bature Watts Da Ma'aunin Malamanmu

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami wata tambaya ce da wani almajirinmu ya jefo mana a makarantar Asabar.

Cikin shekarar 2025 hukumar kula da muhalli ta Ingila ta yi shelar an shiga fari a nan arewa maso yamma cikin watan Mayu, kana ta yi irin wannan shela a yankin Bamingam cikin watan Yuli. Muka tsawata wa yara su bar sakin famfo yana zuba sa'ad da su ke alwala. Sai wani yaro ɗan shekara 10 ya ɗaga hannu ya ce, "Allah gafarta Malam, in fari a ke yi, don me ba mu ji yunwa ba? Kakata ta ce a gida in aka yi fari mutuwa a ke yi." Wallahi muka yi shiru, gama ba mu da amsar da za ta ƙosar da shi.

Da muka ba da labarin a majalisa, wani ɗan'uwa ya ara mana littafi mai suna *Silent Violence*, ya ce amsar tana ciki. In za a ba sunan nan riga ta Hausa, to, babu wadda ta dace da shi kamar "kisan mummuƙe". Mai littafin shi ne Michael Watts, Bature haifaffen Ingila, wanda ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka. Ya zauna a Kaita, cikin ƙasar Katsina, 'yan shekaru kaɗan bayan babban farin 1972 zuwa 1974, yana bin manoma gona da kasuwa, kana ya tone takardun Razdan da na Di'o da ke ajiye a Kaduna. An buga littafin a 1983, an sake bugawa a 2013, kuma ya haura shafi 600. Mun yi wata 3 muna fama da shi, ƙamus a gefe.

Ga gundarin maganarsa a taƙaice. Ya ce ƙasar Hausa ba baƙuwar fari ba ce, kuma manomanmu sun daɗe da sanin dabarun zama da shi: a shuka gero da dawa da wake a gona ɗaya don in wani ya ƙi wani ya yi, a yi noma cikin gandu, a kira gayya, a ajiye rumbun tsimi, a tara zakkar hatsi a hannun masu gari don ranar wuya. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai aka haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauransu aka mai da su haraji guda, kuma da kuɗi a ke biya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kasuwa, manomi ya rage gonar hatsi don ya sami sulallan haraji. Damina ta ƙi a 1913, aka faɗa yunwar 1914 wadda a ke kira Kakalaba, haraji kuwa bai fasa ba. Haka ya bi 'Yar Buhu ta 1927, da 'Yar Gusau ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da a ke kwasar mutane da hatsi zuwa haƙar kuza a Jos. Hukuncinsa shi ne, fari ya kan zo daga sama, amma hannun mutane ne ke mai da shi yunwa.

Inda littafin ya fi daɗi shi ne inda ya sauka cikin Kaita ya bi talaka wata-wata. Da kaka talaka ya kan sayar da hatsinsa da arha don ya biya haraji da bashi. Da bazara rumbu ya yi ƙasa. Da marka, lokacin da gonarsa ke bukatar nome, sai ya bar ta ya tafi ƙwadago a gonar mai hali, ya sayi hatsin nan da ya sayar da ninkin kuɗinsa, ko ya ci falle, watau dami ɗaya a biya biyu. Baɗi kuma amfanin gonarsa ya ragu, domin ciyawa ta ci ta. Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan da idonsa, amma ba mu taɓa ganin wanda ya jera shi daki-daki kamar yadda Baturen nan ya yi ba. A nan ya cancanci yabo, kuma mun yaba.

To, muka ce bari mu gwada maganarsa a ƙasar da mu ke zaune, gama an ce gani ya kori ji. A 1976, shekara 2 kacal bayan farin Sahel, Ingila ta sha fari mai tsanani. Gonaki suka ƙone, aka kafa famfunan titi a wasu garuruwa mutane na bin layi da bokiti, Majalisa ta yi dokar fari ta musamman. Cikin watan Agusta aka ɗora wa Denis Howell, ɗan majalisa mai wakiltar Small Heath ta Bamingam, aikin ministan fari, kuma ba a yi kwanaki da yawa ba ruwa ya kece, har mutane suka riƙa yi masa ba'a cewa shi ya roƙo. Abinci ya yi tsada, amma ba a ji ƙauyen da ya watse don yunwa ba. Dalili kuwa a bayyane ya ke. Tun 1894 Mancesta ke jan ruwa daga tafkin Thirlmere, tafiyar mil 96, tun 1904 kuma Bamingam ke sha daga kwarin Elan na ƙasar Wels, mil 73, ruwan yana gangarowa da kansa. Ga kuɗin sayen abinci daga ƙetare, ga hukuma da ke tsoron masu jefa ƙuri'a. Sama ta hana ruwa can ta hana nan, sakamako ya bambanta. Ashe Watts yana da hujja, kuma ga amsar almajirinmu.

Amma fa ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa ƙuda a nono. Muna da ƙorafi 4 a kan littafin.

Na farko, wanda ya karanta shi zai zaci wannan fahimta daga malaman Turai ta faro, gama su marubucin ya ke ta ambato. Alhali kuwa Shaihu Maƙrizi na Masar, wanda ya taɓa riƙe hisbar kasuwannin Alƙahira, ya rubuta *Igasatul Umma bi Kashfil Gumma* a shekarar 808 ta Hijira, watau 1405, a kan yunwar da ya gani da idonsa. Ya lissafa yunwoyin Masar tun na dā, kana ya nuna cewa ta zamaninsa ba laifin kogin Nilu kaɗai ba ce. Ya ɗora ta a kan abu 3: sayen muƙamai da rashawa, tsadar hayar gonaki, da yawaitar kuɗin tagulla marasa daraja. Tsakaninsa da Watts kusan shekara 580. Kafin shi ma, a Shekarar Toka, 18 ta Hijira, Sayyidina Umar ya jinkirta karɓar zakka, ya aika wa gwamnoni su turo abinci Madina, ya haramta wa kansa nama da man shanu har talakawa su samu. Da Baturen ya ajiye wannan kusa da harajin 1914, da hujjarsa ta fi kaifi a kunnen mutanenmu.

Na biyu, ya ɗebi ruwa da yawa daga rijiyar takardun En'e da ta hirar ƙauye, amma gugansa bai nutse sosai cikin littattafan Larabci na ƙasar ba. Ya kan yi maganar taimakon juna kamar al'ada ce da talakawa suka ƙaga don tsira. Gaskiya ne akwai al'ada, amma akwai kuma shari'a rubutacciya wadda alƙali ke hukunci da ita. Kowane gardi da ya sauke *Risala* ta Ibn Abi Zaid da sharhinta ya san ushiri a kan abin da ruwan sama ya shayar, da rabin ushiri a kan abin da aka yi wa ban-ruwa da wahala. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, cikin *Usulus Siyasa* da ya rubuta wa Umaru Dallaji Sarkin Katsina, watau sarkin ƙasar da Kaita ta ke ciki, ya sa kula da manoma da kwaɗaitar da jama'a ga tanadin abinci cikin wajiban mai mulki. Bambancin yana da girma. Abin da ya ke alheri a kan roƙe shi, abin da ya ke haƙƙi kuwa a kan neme shi.

Na uku, muna ganin ya ɗan sassauta wa zamanin dā. Ba mu ce ya ɓoye ba, gama shi da kansa ya kawo yunwoyin da aka yi kafin zuwan Turawa, ya kuma ambaci bauta. Sai dai rumbunan sarakuna da a ke buɗewa ranar wuya, da yawansu bayi ne suka cika su a rinji, kuma yaƙi da hari sun ƙone gonakin wasu don na wasu su cika. Abin da malami ya rubuta cewa ya wajaba daban, abin da hakimi ya aikata daban. Mu da mu ke alfahari da littattafan magabata, mu ya fi kamata mu faɗi wannan kafin wani ya faɗa mana.

Na huɗu, littafi ne na abinci, ruwan sha bai sami rabonsa ba. Amma a karkara ƙishirwa ta kan riga yunwa sallama. Rijiya ta kan ƙafe tun rani, dabbobi su rame, a sayar da su a wulaƙance, yara su bar allo su tafi neman ruwa tun asuba. 'Yan'uwanmu na Gana sun san labarin Salaga da ɗimbin rijiyoyinta, sun kuma ji daga iyaye abin da aka sha a 1983, shekarar fari da gobarar daji, shekarar da aka koro 'yan Gana daga Nijeriya, shekarar kuma da littafin nan ya fito. Fiƙihunmu bai bar wannan babi ba. *Risala* ta hana mai rijiyar dabbobi ya riƙe rarar ruwa bayan ya shayar, ta kuma ba maƙwabcin da rijiyarsa ta rushe, shukarsa na shirin mutuwa, haƙƙi a kan rarar ruwan maƙwabcinsa. Tambayar wa ke da ruwa tana nan har yau. Madatsar Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ta amfani Kano, amma ta rage ambaliyar da fadamun Haɗeja da Nguru ke rayuwa da ita. Nan ma haka ne. Don Mancesta ta sha aka nutsar da ƙauyen Mardale ƙarƙashin tafkin Haweswater, kuma duk shekarar da aka yi fari sai ragowar gininsa su leƙo, kamar masu neman a tuna da su.

Akwai kuma zancen harshe. Turancin littafin yana da nauyi ƙwarai, cike da kalmomin 'yan jami'a, har wani wuri sai mun karanta shafi sau 3. Manoman Kaita da suka ba shi labarin rumbunansu ba za su iya karanta abin da aka rubuta a kansu ba. Wannan ba laifinsa ba ne shi kaɗai. Fiye da shekara 40 ke nan, mu masu harshen me muka yi?

Saboda haka ga shawararmu ga ƙungiya. An daɗe ana gardama a majalisa, masu cewa a zuba kuɗin asusu a rijiyar burtsatse, da masu cewa a riƙa aika hatsi in an ji kuka. Abin da muka koya daga littafin nan shi ne lokaci ya fi yawa muhimmanci. Fam ɗaya da kaka ya fi fam biyu da marka. A sayi hatsi sa'ad da ya ke da arha, a ajiye a hannun amintattu, a ba da rance da damina mudu a biya mudu, don talaka ya tsaya a gonarsa, ya kuɓuta daga falle. In kuwa rijiya za a haƙa, kada a sa hannu sai an rubuta wa zai gyara ta in ta lalace, da sharaɗin ba za a hana kowa rarar ruwanta ba. Matasanmu masu Turanci kuma su ɗauki babin Kaita su juya shi da Hausa, mu za mu haɗa masa da abin da Maƙrizi da Bello suka ce, a riƙa bugawa a wannan takarda kaɗan-kaɗan.

Hukuncinmu dai, littafi ne na gaskiya, mai nauyin ɗauka, wanda ya san rabin gidanmu ƙwarai, ɗaya rabin kuma ya tsaya a zaure. A karanta shi, amma da *Risala* a gefe.

Ranar Asabar da ta biyo mun kira almajirin nan muka ce masa, kakarka ta yi gaskiya, amma abin da ya kashe mutanen garinsu rumbu ne da ba kowa a ciki, da haraji da bai san uzuri ba. Ya yi shiru, sa'an nan ya tashi ya je ya ƙara murɗa kan famfon da wani ya bari yana ɗiga.

Allah ya ba mu damina mai albarka can gida, ya ba mu shugabanni masu tausayi. Wassalamu.