Kankaren da Ke Zuba Kansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba dakin ya san hayaniyar: leburori na kai da komo da kwanuka, injin girgiza na ruri, wani na zungurar kwaɓi da guntun rodi don ya ratsa lungu. Wahalar tana da dalili. In ba a girgiza kankare ba, iska takan maƙale a ciki, ranar da aka ɓare katako a tarar da jikin ginshiƙi duk ramuka. Ta nan ruwa ke shiga, rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya tsaga gini daga ciki.

A farkon shekarun 1980 wannan matsala ta addabi Japan, domin ƙwararrun ma'aikata sun yi ƙaranci, ingancin gine-gine ya soma ja baya. Sai Farfesa Hajime Okamura na Jami'ar Tokyo ya kawo shawara a 1986: a yi kwaɓin da zai malala da nauyin kansa, ya bi tsakanin rodi, ya cika kowane saƙo ba tare da an taɓa shi ba. A 1988 aka samu na farko. Da irinsa aka zuba manyan dungulayen da ke riƙe igiyoyin gadar Akashi Kaikyo, wadda aka buɗe a 1998.

Rage wa kankare nauyi kuwa tsohuwar dabara ce. Maginan Rum sun sa dutsen aman wuta mai ramuka a saman ƙubbar Pantheon, mai faɗin mita 43, ga ta nan tsaye kusan shekara 1,900. A yau yumɓu ake gasawa a murhu mai juyawa, a zafin da ya kai kimanin digiri 1,200, har ya kumbura ya zama tsakuwa mai iska a ciki. Kankare na yau da kullum yakan kai kilo 2,400 a ma'aunin mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi. Mai wannan tsakuwa ba ya wuce 2,000. Ginshiƙi da harsashi sun samu sauƙin kaya ke nan.

Gwanintar tana wurin haɗa biyun, wato malala da rashin nauyi, don ba sa jituwa. Kwaɓi mai malala yana son ruwa-ruwa, tsakuwa marar nauyi kuma da ta samu sarari sai ta taso sama, siminti ya kwanta ƙasa. Mai dama kunu ya san wannan: in ya yi tsararo gaya ta rabu da shi, in ya cika kauri ya ƙi barin ludayi. To injiniya ba ya ƙara ruwa, don ruwa mai yawa shi ne ajalin kankare. Yakan rage tsakuwa, ya ƙara gari mai laushi, kamar tokar kwal ko niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa, sannan ya ɗiga sinadarin da ke raba ƙwayoyin siminti da juna. Sai kwaɓin ya yi santsi, amma da danƙon da zai riƙe kowace tsakuwa a inda take.

Gwajin ma abin kallo ne. A cika mazubi mai tsayin santimita 30 a kan faranti, a ɗaga shi sama, kwaɓin ya baje da kansa. Ana son faɗinsa ya tsaya tsakanin santimita 55 zuwa 85. Awo na kowa ne, amma gwani gefen yake duba. In ya ga ruwan siminti ya yi gaba ya bar tsakuwa a tsakiya, ya san kwaɓin ya rabu, ko da tef ya ce daidai.

Akwai wata dabarar da ta fi burge ni. Ita wannan tsakuwa mashayiya ce; in aka zuba ta a bushe sai ta zuƙe ruwan kwaɓi, ya sandare tun a mota. Don haka ake jiƙa ta tukuna. Bayan an zuba, yayin da siminti ke kamawa yana neman ruwa, sai tsakuwar ta riƙa mayar masa da abin da ta sha, kaɗan-kaɗan. Ban-ruwa ke nan daga ciki, inda bokiti ba ya kaiwa. Tsagewa takan ragu, siminti kuma ya kama jikin tsakuwar gam, har gishiri da danshi su rasa hanyar zuwa ga rodi.

Shaidar ƙarko tana gaɓar Galveston a Amurka. Jirgin ruwan Selma, wanda aka ƙera da kankare marar nauyi a 1919, yana kwance cikin ruwan gishiri tun 1922, kuma da aka yanko jikinsa aka auna a 1953 an tarar da kankaren garau. A Norway, tsakiyar gadar Stolma mai tazarar mita 301 tsakanin ginshiƙai da marar nauyi aka zuba ta. Ba a yi waɗannan da kwaɓi mai zuba kansa ba, amma tsakuwarsu dangin wadda ake sa masa ce.

Kankare marar nauyi mai zuba kansa yana da iyakarsa. In aka danne shi har ya fashe, tsagar ta cikin tsakuwar take bi, wato tsakuwar ce ke iyakance ƙarfinsa, kuma dakin ɗinsa ya fi saurin lanƙwasa, sai an lissafa. Kuɗinsa ma ya ɗara. Kafinta kuwa aikinsa ya ƙaru, domin kwaɓin yana tura katako kamar ruwa, ƙaramar kafa in ya bari, ta nan siminti zai tsiyaye.