Jinjina Ga Masu Ceton Haƙori a Sakkwato

Cire tsohon ciko daga saiwar haƙori aiki ne da kan taso idan gyaran farko bai yi ba: ƙwayoyin cuta sun koma ciki, dasashi ya kumbura, zogi ya dawo. A tumɓuke haƙorin a huta ya fi sauƙi. Shi ya sa likitocin haƙori, irin na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, suka cancanci jinjina duk sa'ad da suka zaɓi ceto shi.

Da hoton saiwar ake farawa. Cikon da ake tararwa galibi gata-faca ne, ƙaron wata bishiya ta yankin Malesiya. Likita kan tausasa shi da zafi ko da ɗigon man bishiyar turare, sannan ya riƙa sakato shi kaɗan-kaɗan da ƙarafa sirara kamar allura. Nan gwaninta take, domin ramin saiwar ƙunci gare shi, wani ma a lanƙwashe. Hannu ya yi nauyi, ƙarfe ya karye ciki ko saiwa ta huje. Bayan nan a wanke ramin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a busar, a sake cikewa. Haƙorin da aka ceto haka yakan yi shekaru ana tauna da shi.