Wace Takarda Ce Ta Fi Nauyi?

Ƙanena, ɗan shekara 16, yana koyon aikin wutar lantarki a Sabon Gari, burinsa kuma ya karanta injiniyanci a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Da ya zaɓi jarrabawar NABTEB, Kawu ya ce takardar makanikai ce.

Ban yarda da wannan hukunci ba. JAMB na karɓar NABTEB kamar WAEC da NECO, muddin akwai kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi. Abin lura kawai, injiniyanci na buƙatar Fiziks da Kemistiri.

Raina aikin hannu gadon boko ne. Ina da digiri, amma daga aljihunsa cefanen gidanmu ke fitowa.